Garba Zai Tare a Indunusiya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗana Garba, wanda mutanen Gusau ke kira Alhaji Abubakar. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya. Allah Ya tsare ka a hanyar Tsafe da Funtuwa, Ya rufe idon mugu daga motar da za ka shiga, Ya riƙe jirginku a sama har Ya sauke ku lafiya.

Na sa ƙanwarka Hadiza ta cusa maka takardar nan a jaka, ƙarƙashin ƙullin daddawa, don kada ka karanta ta a gabana ka dame ni da "Haba Inna." Ka yi haƙuri da rubutun, na ajin yaƙi da jahilci ne, ga hannun ya soma rawa.

Lokacin da ka ajiye aiki, kuma Allah Ya yi wa matarka Rabi rasuwa, ka ce mini za ka tafi Indunusiya da bizar 'yan fansho, takardar da ake ba tsofaffi su je su zauna su ci abin da suka tara, ban da aiki, duk shekara a sabunta. Na ce a raina yaron nan zai gaji da shinkafa ya dawo. To ka dawo ɗin, amma da wata magana. Ka sami bazawara mai suna Siti, za ku yi aure, za a canza maka takarda daga ta 'yan fansho zuwa ta aure. Ita za ta tsaya maka a wurin hukuma, ita za ta sa hannu, a gidanta za ka zauna, cikin danginta.

Na yi ta juya maganar har na gano sunanta. Garba, tarewa za ka yi. Kuma duk abokanka na majalisar ƙofar gida da ke ta ba ka shawara, babu ɗaya da ya taɓa tarewa. Ni na tare. Daga Tsafe aka kawo ni Bungudu, a zamanin da Bungudu ta fi Indunusiya nisa, don babu wayar da za ka latsa ka ga fuskar uwarka. Saboda haka ka ajiye furfurarka gefe ka saurara.

Ni dai keke na aura. Masu nemana biyu ne, wani manomi daga Kucheri, da ubanka. Ubanka yana zuwa kasuwar Tsafe sayen gyaɗa a kan wani keke baƙi wul, da madubi, da ƙararrawa, da fulawar roba a gaba. In ya kaɗa ƙararrawar nan a ƙofar gidanmu, 'yan matan unguwa har leƙe suke ta saman danga. Da babana ya tambaye ni wa nake so, ban ko yi jinkiri ba.

Bayan na tare sai na duba zaure, na duba bayan rumbu, ba keke. Na daure har na gaji, rannan na ce, "Malam, ina keken?"

Ya ce, "Wane keke?"

Na ce, "Wanda kake zuwa Tsafe da shi."

Ya ce, "Au, ai na Tanko tela ne. Aro nake."

Na shiga ɗaki na yi kuka mai isata. Kakarka ta yi ta rarrashina, tana cewa kowace amarya da kewar gida take farawa. Na fi shekara ina kumbure-kumbure kafin na ɗaga ido na dubi mutumin da na aura, na tarar Allah Ya rufa mini asiri, na dace da mutum mai sanyin hali, wanda bai taɓa ɗaga mini murya ba. Amma sa'a ce kawai, ba wayona ba.

Shi ya sa shekaranjiya na tambaye ka, "Matar kake so ko takardar?" Ka sunkuyar da kai kana tsinkar bakin tabarma kamar ɗan makaranta. Wannan tsinkar tabarmar ta gaya mini ba takarda kaɗai ba ce, hankalina ya kwanta. To amma ni na haife ka, na iya karanta ka. Siti ba ta iya ba. Ka buɗe baki ka gaya mata. Kada baiwar Allah ta zauna tana tunanin an aure ta ne don sa hannunta. Hukuma tana iya wayar gari ta canza dokarta, matar kuwa tana nan a gabanka da safe da yamma.

Sai maganar ejan ɗin nan da ke sabunta maka takarda duk shekara. Na ji ka kana gaya wa Hadiza cewa da zarar ka sauka za ka je ka wanke shi tas, ka jefa masa tsohuwar takardar, tunda ka daina buƙatarsa. Kul!

Da aka sa ranar aurena, kaina ya kumbura. Na raba tsofaffin zannuwana ga ƙannena. Masu sayen ƙulina na ce su nemi wata. Akwai wata Lanti, maƙwabciyarmu, da muka daɗe muna 'yar tsama a bakin rijiya. Na taka har gidansu na zazzage mata duk abin da ke cikina, na rufe da cewa, "Ni na tafi, ke kuma ki tsufa a Tsafe." Ana saura kwanaki kaɗan sai ga ɗan aike daga Bungudu, wan uban ango ya rasu, an ɗaga biki sai bayan kaka. Damina guda na yi a Tsafe, ni ba amarya ba ni ba budurwa ba, da zane ɗaya, in na wanke sai in zauna a ɗaki ya bushe. Duk safiya sai na haɗu da Lanti a rijiya, ta ajiye tulunta ta ce, "A'a, mutanen Bungudu! Yaushe a gari? Ya hanya?" Har ranar da aka yi suna a unguwa ba ni da abin ɗaurawa, ita ɗin ce ta aiko mini da zane, ta ce a gaya mini na baƙi ne.

Kada ka saki tsohuwar takarda sai sabuwa ta shigo hannunka ka karanta sunanka a jiki. Ka lura da ranar da tsohuwar za ta mutu, kada ta mutu kana tsakiyar hidimar biki. Aikin ofis kuwa kai ka fi ni sani, shekara nawa kana ce wa mutane su dawo gobe. Ejan ɗin nan ka gaishe shi, ka kai masa tsarabar kilishi. Wata rana shi zai ara maka zane.

Ranar da ka haɗa ni da Siti a waya na ga mace kamila, da lulluɓinta, fuska a sake. Dama na san mutanensu tun a Makka, 'yan ƙanana, suna tafe a jere kowa riƙe da gefen rigar na gabansa, ko ka taka su su ne za su ba ka haƙuri. Na ce ka fassara mata: yaron nan yana minshari, ba ya mayar da murfin komai, in ya yi fushi sai ya ce ya ƙoshi sannan ya koma kicin yana buɗe tukwane, kuma kada ta yarda ya ce mata ya iya gyaran famfo. Ka juya ka yi mata wasu kalmomi biyu, ta dafa ƙirji tana murmushi tana godiya. Garba, ban san yarensu ba, amma na san tsawon maganata.

Da na tambaye ka sunan mahaifinta kuwa, sai ka ce, "Malam... wane ne ma?" Alhali da bakinka ka gaya mini jami'an shige da fice za su iya zuwa har gida, ko su zaunar da ku daban-daban su yi muku tambayoyi, don su gane auren gaske ne ko na takarda. Me za ka ce musu? Kai da ka shekara talatin da wani abu tare da Rabi, ranar da likita ya tambaye ka shekarunta sai da ka fita waje ka bugo mini waya. Ka zauna ka san matarka. Sunan iyayenta, 'ya'yanta na mijin farko, abin da take so da abin da ke sa ta kuka. Abin da ba ka sani ba kuma ka ce ba ka sani ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma kai tun kana yaro in ka yi ƙarya kunnenka ke motsi.

Ƙaryar kunya ma ƙarya ce, ni na ɗanɗana. Kwanan farko da na yi a Bungudu kakarka ta kawo mini tuwo da miyar karkashi. Ni kuwa tun ina ƙarama ko warin karkashi na ji sai zuciyata ta tashi. Ta tsaya a kaina ta ce, "Ɗiyata, kina cin wagga miya kuwa?" Na ce, "Inna, ai duk duniya ba miyar da na fi so." Na rufe ido na haɗiye. Shi ke nan na ɗaure kaina. In na yi zazzaɓi, karkashi. Da na haifi yayarka, karkashi har na gama wanka. Danginta na ƙauye suka ji labari, duk wanda zai zo sai ya riƙo mini ƙulli. Har tsohuwar nan ta kwanta ciwon ajali tana ce wa mutanen gida, "Ku riƙa aje ma Asabe karkashinta." Allah Ya jiƙanta, ta so ni, kuma da son ta azabtar da ni.

Na kawo wannan ne saboda ɗan itacen nan mai ƙaya da ka ba mu labari, wanda ka ce warinsa kamar mushe a rana, amma da yayan Siti ya ba ka sai ka ce ba ka taɓa cin abu mai daɗinsa ba. Ka ce yanzu duk gidan da ka shiga shi ake fasa maka. Tun kafin a ɗaura, ka je ka warware. Ka ce likita ya hana, ko ka faɗi gaskiya ka huta. In ba haka ba da shi za a yi maka walima.

Bakinka kuma ka kama shi. Shekarun farko ba na iya buɗe baki ban ce "A Tsafe mu" ba. A Tsafe mu ba haka ake daka ba. A Tsafe mu ruwa ya fi daɗi. Har matan unguwa suka sa mini suna Atsafemu, yara suna isar da aike da shi, "Wai a ba da rariya in ji Atsafemu." Kai kuma na san ka da "A lokacinmu a ma'aikata." Can ba wanda ya san ka taɓa zama darakta. Tsoho ne kai baƙo mai dogon wuya, mijin Siti. In sun zauna a ƙasa ka zauna, in gwiwa ta yarda. In sun ci da barkono ka ci ka share hawaye.

Yanzu maganar fushi. Sau ɗaya na taɓa yin yaji, kuma da kai na yi shi, kana goye. Ubanka ne ya ce tuwona ya yi gudaji, a gaban ƙanwarsa. Ban ce uffan ba. Da safe yana fita gona na ɗaure kayana, na saɓa ka a baya, na tari motar Gusau. A hanya ina ta tsara yadda za a yi: ubanka zai zo biko, babana zai wanke shi, ni kuma ina ɗaki ina jan aji.

A tashar Gusau motar Tsafe ta ƙi cika. Muka zauna, rana ta take, kai kana ta tsala ihu. Na sayi dafaffen rogo na ci. Ina gama ci sai na nemi fushin na rasa rabinsa. Na soma jin muryar babana a kunnena, "Asabe, a kan gudaji kika taho?" Da la'asar ta yi motar ba ta tashi ba, na sauko da kayana na tafi gidan gwaggona a Sabon Gari, na ce mata gaisuwa na zo. Washegari na koma Bungudu, na ɗaure fuska tun daga bakin kasuwa, don su san ba da wasa na dawo ba.

Ina shiga kakarka ta ce, "Maraba, maraba! Ya mai jegon? Ya jinjirin?" Ashe wata 'yar uwarsu ta haihu a Gusau, duk gidan sun ɗauka barka na tafi, har ana yaba mini zumunci. Ubanka ya dawo daga gona ya ce, "Kin dawo? Da na san za ki Gusau da na ba ki saƙon gishiri." Ba wanda ya yi biko, don ba wanda ya san an yi yaji. Sai bayan shekaru na ba shi labari, ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce, "To ai da kin faɗa mini da na ba ki haƙuri tun a daren." Ko tunawa da maganar gudajin bai yi ba.

Halina ka ɗauko. In ranka ya ɓaci sai ka yi gum kana jira a gane. A can, inda ba a jin Hausa, in ka yi gum za su ce kai, mijin Siti akwai natsuwa. Ka faɗi abin da ke damunka, da yarensu ko da hannu. Ka kuma tuna yajinka ba na motar Gusau ba ne, zamanka a ƙasar a wuyan auren yake rataye. Haƙurin da kuka saba ba mata a baki, "Ki yi haƙuri, zaman aure sai haƙuri," yau ga shi an zuba maka a kwano, sai ka ci. Amma ban ce ka zama mijin-ta-ce don tsoron takarda ba. Mace ta gari ba ta son namijin da ke lallaɓa ta kamar mai riƙe da ƙwai. In ta yi ba daidai ba ka gaya mata cikin mutunci, in kai ka yi ka ba ta haƙuri da baki, ba da sayo kifi ba.

Kuskurena mafi girma sai da na tsufa na yi shi. Da ubanka ya rasu na gama takaba, kawunka ya zo da mota daga Tsafe. Na ce a raina aure ya kawo ni garin nan, aure ya ƙare, me ya rage? Kuna ta roƙona, na ƙi ji, na kwashe kayana na koma gidanmu. Na tarar gidan yana nan amma ba nawa ba ne. Waɗanda na sani yawancinsu suna maƙabarta, har Lanti. Yaran gidan suna ce mini tsohuwar Bungudu. In zan ɗauki ludayi sai na tambaya. Rannan ana tuƙa tuwo sai na ji bakina yana cewa, "A Bungudu mu ba haka muke yi ba." Na tashi na koma ɗaki na zauna.

Ban cika wata uku ba sai ga bas ta tsaya a ƙofar gida. Hajiya Ige maƙwabciyata ce, da matan unguwarmu cike da mota. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "Asabe, tashi. Tun da kika tafi an yi haihuwa ba mai yanke cibi yadda ya kamata, an yi rasuwa ba mai tsawata wa masu kuka. Wa kika bar wa garin?" Kawunka ya soma magana, ta ce, "Alhaji, da girmanka, amma ku kun ba da ita tun tuni." Suka ɗaure kayana da kansu. A motar nan na yi kuka, suna ta yi mini tsiya har Gusau.

Ashe ba ubanka kaɗai ya riƙe ni a Bungudu ba, ban dai sani ba. Kai ma kada zamanka ya tsaya a kan mutum ɗaya. Rai a hannun Allah yake, ba mu san wa zai riga wani ba. Tun yanzu, kuna cikin daɗi, ka tambaya a gaya maka abin da zai sami takardarka in rasuwa ta zo ko rabuwa, Allah Ya kiyaye. Sannan ka yi abin da takarda ba ta yi. Ka riƙe masallacin unguwa, ka je jana'izarsu, ka duba marasa lafiyarsu, ka koyi yarensu ko suna yi maka dariya. 'Ya'yan Siti ka riƙe su kamar naka. Naka na nan kuma ka riƙa nemansu, ka gaya musu gaskiyar komai game da gidan Gusau da gonar, kada ka bar musu rigima.

Jiya da ka zo sallama ka durƙusa ka ce, "Inna, in ba ki yarda ba sai in fasa." Na yi kamar ina neman goro a gefen zane, har aka kira salla ka tashi. Ba rashin ji ba ne. Bakina ne ya cika da "zauna," na kuwa san in na buɗe shi ita za ta fito, kai kuma za ka zauna ɗin. Na tsufa, Garba, ina son in riƙa jin takunka a zaure. Amma na ga yadda ka koma bayan Rabi, kana zaune a falo da riga ɗaya kana mayar wa rediyo magana. Wannan zuwan kuwa na ga ka yi kumatu, kana dariya, har gemun ma an rage masa fari, kada ka ɗauka ban lura ba.

Na yarda. Ka tafi ka yi aurenka. In wata rana Hadiza ta bugo maka ta ce Inna ta cika, kada ka tayar da hankalinka kana neman jirgi, kafin ka iso an daɗe da rufe ni. 'Yan uwanka suna nan, mutanen Bungudu suna nan. Ka yi alwala a inda kake ka roƙa mini gafara, Ubangijin nan shi ne na can. Ba ka da sauran haƙƙina a kanka. Na yafe maka duniya da lahira, ni ma ka yafe mini.

Allah Ya kai ka lafiya. Allah Ya sa albarka a auren nan, Ya ba ku zaman lafiya, Ya sa hukumar ƙasar ta karɓe ka da sauƙi. Allah Ya tsare ka daga sharrin mutum da na ruwa da na hanya, Ya tsare mana garuruwanmu, Ya jiƙan ubanka da Rabi. Ka gaishe mini da Siti, ka ce mata uwarka ta ba ta amana, kuma wannan karon ka faɗa mata duka.

Mahaifiyarka,
Inna Asabe,
Bungudu.